Elantra 'yar Amurka da maganar kamawa da wuta

Malam, ka ce ka sayi mota Hyundai Elantra 2013 kuma kana jin wai suna kamawa da wuta ko a ajiye. Gaskiya ne. A Satumban 2023 Hyundai da Kia sun nemi a maido motoci sama da miliyan 3 a Amurka domin gyara, har da Elantra 2013, man birki ne ke yoyo cikin na'urar ABS (mai hana tayoyi ƙamewa in an taka birki) ya haɗa wuta, ko motar a kashe take. Gyaran da suke yi shi ne canza fiyus ɗin na'urar.

Sa lambar VIN ɗinka (lambar shaidar motar, wato chassis) a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko an gyara taka kafin a shigo da ita, kafin nan kar ka kwanar da ita jikin ɗaki. Don Allah kar ka yarda a ɗaure fiyus da waya, kai ta wajen dilan Hyundai ko ƙwararren mai wayarin.