Amsa ga ɗan'uwan da sabon SSD ɗinsa ya ƙi bayyana

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayo SSD (faifan ajiya mai sauri) na NVMe mai 1TB, ka ɗaura a madabod ɗinka (babban allon cikin kwamfuta) na B450 mai furosesa Ryzen 5, Windows ta tashi daga ƙaramin SSD ɗinka na da, amma sabon bai fito a This PC ba, had disk ɗin da gem ɗinka suke ciki shi ma ya yi ɓatan dabo. Wallahi na san wannan faɗuwar gaban, kowa a gidan nan da ya haɗa kwamfuta da hannunsa ya ɗanɗana ta. Don Allah kada ka yi fomatin ɗin komai tukuna.

Had disk ɗin nan yana nan lafiya lau, in sha Allah. A madabod da yawa na B450, gurbin M.2 (inda ake ɗaura SSD na NVMe) da wasu gurabun SATA (inda ake jona wayar had disk) hanya ɗaya suke rabawa. Kana sa abu a M.2, sai biyu daga cikinsu su daina aiki, galibi na 5 da na 6. Haka aka ƙera su, kuma yana rubuce a littafin madabod ɗin. Kashe kwamfutar, mayar da wayar had disk ɗin zuwa SATA 1 ko 2.

Shi kuma sabon, shiga BIOS (shafin saitin madabod) da maɓallin Del lokacin da kwamfutar ke tashi, ka duba ko sunansa ya fito. In ya fito, ba a yi masa rajista ba ne kawai, don sabon faifai ba ya zuwa da harafi irin su D: ko E:. Koma Windows, danna maɓallin dama na maus a kan Start, buɗe Disk Management, zai tambaye ka MBR ko GPT, zaɓi GPT. Sannan danna dama a kan baƙin layin da aka rubuta Unallocated, New Simple Volume, NTFS. Ka buɗe ido sosai ka tabbatar faifan da babu komai a cikinsa ka zaɓa. Za ka ga 931GB maimakon 1TB, wannan ba cuta ba ce: kamfani da dubu yake lissafi, Windows da 1024.

In BIOS bai gan shi ba, to galibi zama ne bai yi daidai ba. Zare wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki. Ana shigar da shi a karkace ne, kamar digiri 30, a tura har haƙoran nan masu ruwan zinare su kusa ɓuya, sannan a kwantar da shi a ɗaure. Akwai ɗan ƙarfen da yake zama a kai, dole ya kasance a ramin da aka rubuta 80 ko 2280, tunda tsawonsa milimita 80 ne. Masu ɗaure sukurun kai tsaye a jikin madabod ba tare da shi ba, lanƙwasa SSD ɗin suke yi. In sukurun ya ɓace, masu gyaran laftof a kasuwar Banex ta Abuja suna da irinsa. Kuma ka yi amfani da gurbin sama, na kusa da furosesa. Na ƙasa a B450 ya fi rauni, wani ma ba kowane iri yake karɓa ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai, kuma shi nake so ka fi mayar da hankali a kai, jabu ne. Mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni, a miƙo masa kwali mai sheƙi da sunan babban kamfani, ciki kuwa an yi wa manhajar faifan coge ne don ta riƙa cewa 1TB alhali abin da yake ɗauka bai kai rabin rabi ba. Zai yi aiki lafiya a makon farko. Sai ranar da ainihin wurin ya cika, ya fara rubutu a kan abin da ka ajiye, gem ya ƙi buɗewa, hotunan iyali su lalace, ka koma shago a ce ai kai ka ɓata shi, ko a ce wutar gidanku ce. Wasu kuma tsohon da aka ciro daga laftof suke manna wa sabuwar takarda. Wannan zalunci ne, kuma ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi ya fi faɗawa a kansu, don su ne ke neman mai araha. Allah ya isa.

Saboda haka kafin ka zuba komai, sauke manhajar CrystalDiskInfo ka duba Power On Hours (awannin da ya yi a kunne) da Total Host Writes (yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa); sabo kusan sifili zai nuna. Sannan ka sa H2testw ya cika faifan gaba ɗaya ya sake karantawa. Zai ɗau lokaci, amma shi ke tona asirin girman ƙarya. In Samsung ne, Samsung Magician zai nuna maka ko na gaske ne. Ka yi wannan tun kwanakin da mai shago ya ba ka ba su ƙare ba, kuma rasit ya kasance da lambar jikin faifan.

Gwajin nan kuwa kada ka fara shi ba UPS. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana lalata fayil, wani lokaci har faifan. In madabod ɗin yana da murfin sanyaya M.2, ɓare ledar da ke kan robar ƙasansa. Gurbin nan kusa da katin girafis yake, ga zafin Abuja na Maris da Afrilu; in zafin faifan ya haura digiri 70 zai iya fara rage gudu da kansa.

Batun gudu kuwa, B450 iyakarsa PCIe 3.0, wajen 3,500MB a daƙiƙa, ko da kwalin ya ce 7,000. Kuma lodin gem ne zai yi sauri, FPS, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, galibi aikin katin girafis ne. Don mayar da gem ba sai ka sake cinye data ba: a Steam, manhajar sauke gem, shiga Settings, Storage, ƙara sabon faifan, sai Move. In kuma Windows za ka sa a kansa, cire wayoyin sauran faifan duka kafin ka fara, in ba haka ba za ta iya ajiye fayilolin tashi a tsohon, ranar da ka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi.

Turo mana cikakken sunan madabod ɗin da hoton shafin BIOS, da hoton takardar jikin SSD ɗin, mu duba tare.