Wasanmu na waƙe ya karɓu a dandamali, mu ɗauke shi yadda yake ya zama fim?

Tambaya: Malam, ni ne shugaban wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a Zariya. Muna da wasa mai waƙoƙi tara, kuma duk ranar da muka nuna shi zauren cika yake yi. Wani mai kyamara ya ce mu haɗa masa kuɗi ya ɗauke shi yadda yake, ba tare da an taɓa komai ba, ya zama fim. Kuɗin adashenmu ne na shekara biyu, ina tsoron kada mu zuba su a rijiya. Shin abin da ya karɓu a dandamali yana karɓuwa a fim?

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, kuma kada ku ba mutumin nan ko sisi tukuna.

Ba na musun cewa fim yana iya ƙara wa wasan waƙe armashi. Kyamara tana fitar da labari daga bango huɗu ta kai shi inda ya faru. Wasan Sarafina ya fara ne a dandamalin Market Theatre da ke Johannesburg, Afirka ta Kudu, a 1987, amma da aka mayar da shi fim a 1992 aka ɗauke shi a Soweto, sai mai kallo ya ga ƙurar titi da motocin sojoji da ɗalibai suna gudu, abin da a dandamali sai dai a kwatanta da rawa da sautin ganga. Haka The Sound of Music na 1965, inda waƙar koyar da yara, wadda a dandamali ake yi a cikin gida, ta koma yawo a titunan birnin Salzburg na ƙasar Austriya da duwatsunsa. Fim kuma yana dawwama, yana isa garin da ƙungiyarku ba za ta taɓa samun kuɗin motar zuwa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "a ɗauke shi yadda yake", domin kusan duk mako sai na ji ta daga bakin wani da ya sayi kyamara shekaranjiya, yau ya wayi gari yana kiran kansa darakta. Mutumin da ya shiga zaure ya zauna, ya riga ya ƙulla yarjejeniya da 'yan wasa tun kafin a buɗe labule: ya yarda allon da aka shafa wa fenti gida ne, ya yarda yaro ɗan shekara ashirin da aka barbaɗa wa hoda a gemu tsoho ne, saboda haka ba ya mamaki idan mace ta bar magana ta kama waƙa a tsakiyar rigima da mijinta. Kyamara ba ta san wannan yarjejeniya ba. Tana nuna katanga ta gaske da akuya ta gaske tana wucewa, kuma a cikin irin wannan duniya, wanda ya ɓarke da waƙa sai an ba shi dalili, in ba haka ba mai kallo dariya zai yi a wurin da kuka ake nema.

Na taɓa kallon wani faifai da aka yi ta wannan hanya. Yarinyar ta kammala baitinta na ƙarshe, ta ɗaga hannu biyu sama tana haki, ta tsaya cak tana jiran tafin da ta saba ji, kuma babu abin da ya amsa mata sai ƙarar janareto daga bayan gida. A zaure wannan tsayuwa ita ce ƙololuwar wasan, a faifan kuwa sai ta zama kamar wadda ta manta abin da za ta faɗa. Haka zaro ido da wurga hannu da ɗan wasa ya koya don na layin baya ya gani, idan kyamara ta matso kusa da fuskarsa sai ya yi kama da mai taɓin hankali.

Kada ka zaci ƙarancin kuɗi ne kawai ke jawo wannan. Wasan Cats, wanda 'yan wasa ke fitowa a matsayin kyanwoyi, ya shekara 21 ana nuna shi a Landan daga 1981, domin 'yan kallo sun yarda mai rawa da ya sa kayan kyanwa kyanwa ne. A fim ɗin 2019 aka liƙa wa 'yan wasa gashi da kwamfuta don su yi kama da kyanwa ta gaske, sai suka fito ba mutane ba, ba dabbobi ba, ga shi wasan dama ba shi da wani dogon labari da zai riƙe mai kallo. Kamfanin da ya fitar da fim ɗin har ya aika wa gidajen silima gyararren kwafi bayan an fara nunawa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Waɗanda suka yi nasara kuwa, wuƙa suka sa wa wasan ba tare da tausayi ba. A West Side Story na dandamali, na 1957, akwai waƙar barkwanci da matasa ke yi bayan an yi kisa. Masu fim ɗin 1961 suka ga cewa mai kallon da ya ga gawa a kan titi ba zai yi dariya bayan minti kaɗan ba, suka dawo da waƙar gabanin kisan, suka sa wata mai nauyi a gurbinta, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar goma. Masu fim ɗin Chicago na 2002 sun bi wata dabarar, suka mayar da mafi yawan waƙoƙin abin da jarumar, wadda ke tsare a kurkuku, ke gani a zuciyarta, ta yadda kurkuku ya zauna a matsayin kurkuku, waƙa kuma ta sami mazauninta.

Ku kuna da wani sauƙi, domin mai kallon Bahaushe ya tashi da finafinan Indiya da na Kannywood, waƙa a fim ba baƙuwa ba ce gare shi. Sai dai sauƙin yana ɗauke da tarko. Ya saba da waƙar da ke tsaye a gefen labari, wadda zai iya tsallakewa a wayarsa bai rasa komai ba, alhali a wasa irin naku wataƙila a cikin baiti ne uba ya yanke hukunci ko budurwa ta sauya ra'ayi. Ku zauna ku cire kowace waƙa a takarda ku karanta labarin. Wadda aka cire labarin bai gurgunce ba, ta tafi, ko da ita ce aka fi yi wa tafi. Wadda ta rage kuma a fara ta daga cikin magana, ba tare da sauya kaya ko wuri ba, don kada a ɗauke ta hutu.

Batun murya ma sai kun yanke shawara da wuri. Ko dai a naɗi waƙa a sutudiyo a bi ta da baki, kamar yadda mawaƙiya Marni Nixon ta rera mafi yawan waƙoƙin jaruma Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, ko a rera kai tsaye a gaban kyamara kamar Les Misérables na 2012, inda aka ji kuka da numfashi a cikin waƙa, aka kuma ji raunin duk wanda muryarsa ba ta kai ba. Da kayan aikin da na san ana samu a nan, sutudiyo ya fi muku rufin asiri.

Idan adana wasan kuke so, wannan aiki ne mai daraja kuma ya fi araha: a ɗauke shi a zaure cike da jama'a, da kyamara fiye da ɗaya, da tafinsa da shewarsa, kamar yadda aka ɗauki wasan Hamilton a 2016 aka fitar a 2020, a kuma kira shi wasan dandamali da aka naɗa. Idan fim kuke so, sai an sake rubutu tun daga fitowa ta farko. Ka koma wurin mutumin ka tambaye shi wace waƙa zai cire daga cikin taran, kuma a ina zai kafa kyamara a waƙar farko. Idan ya ba da amsa mai ma'ana, ku biya shi kuɗin waƙa ɗaya tak, ku nuna ta a waya ga mutum biyar da ba su taɓa ganin wasan ba, kai kuma ka zauna a gefe kana kallon fuskokinsu.