Gradle ya ƙi tashi a Java 17, na gyara kuma na abokina ya tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muna haɗa manhajar lissafin kaya ta wani shagon taki da yaren Java, ni ina Birnin Kebbi, shi yana Argungu. Na sa Java 17, shi yana kan Java 8. Da na kunna Gradle, wanda ke harhaɗa mana manhajar ya gwada ta, sai ya ce "Unrecognized VM option 'MaxPermSize=512m'". Na share layin, na ƙara --add-opens don gwaje-gwaje su wuce, sai kuma tasa kwamfutar ta fara cewa "Unrecognized option". Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Manhajarku lafiyarta ƙalau. Injin Java ne ke ƙin tashi tun kafin ya leƙa ko layi ɗaya na abin da kuka rubuta, domin ɗabi'arsa ce in aka miƙa masa umarnin da bai sani ba ya tsaya cak. Kai ka ba sabon Java tsohon umarni, abokinka kuma ka tura wa tsohon nasa sabon umarni.

MaxPermSize na kayyade girman wani sashe ne na ƙwaƙwalwa da ake kira PermGen. An soke sashen tun a Java 8, a 2014, aka maye gurbinsa da Metaspace. Daga nan har Java 16 injin gargaɗi kawai yake yi ya wuce, shi ya sa mutane suka yi ta kwafar layin daga aiki zuwa aiki ba wanda ya damu. A Java 17, na Satumbar 2021, aka daina ɗaga ƙafa. Sharewar da ka yi daidai ce, ko a wajen abokinka ba abin da layin yake tsinanawa. In kana son iyaka, sa -XX:MaxMetaspaceSize, dukanku biyu zai karɓu. In kuma ka share amma saƙon bai tafi ba, duba gradle.properties na cikin jakar .gradle ta gidan kwamfutarka, don shi ke rinjayar na cikin aikin.

Shi --add-opens da Java 9 ya zo a 2017, lokacin da aka killace kayan cikin Java, shi ne ke buɗe wa manhaja ƙofar shiga wurinsu. Java 8 bai taɓa jin labarinsa ba. Kada ka rubuta shi tsirara. A fayil ɗin build.gradle, wajen da ake saita gwaji, ka ɗaura shi da sharaɗi: if (JavaVersion.current().isJava9Compatible()), sannan jvmArgs mai ɗauke da --add-opens ɗin a ciki. Masu amfani da Maven a madadin Gradle su yi profile da zai kunna kansa da <jdk>[9,)</jdk>. Akwai kuma JDK_JAVA_OPTIONS, wanda Java 9 zuwa sama ke karantawa, Java 8 bai ma san da shi ba. Yana da daɗi, sai dai a kwamfutar mutum yake zama, ba ya bin aikin zuwa Git, ma'ajiyar da kuke musayar aikin ta cikinta.

Za ka gamu da masu cewa ka sa -XX:+IgnoreUnrecognizedVMOptions ka huta. Yana aiki, har manyan ayyuka irin su Apache Spark suna amfani da shi, amma da sharaɗin ka haɗe umarnin da alamar daidai, wato --add-opens=java.base/java.lang=ALL-UNNAMED. In ka bar tazara, Java 8 zai ɗauka rabin na biyu sunan manhajar da zai kunna ne. Ni dai ba na son sa a ƙaramin aiki. Kamar liƙe jar fitilar mota ne da salatif: ranar da ka yi kuskuren harafi ɗaya a wani umarni mai muhimmanci, shiru za ka ji, ka yi ta zaton ya kama.

Abin da ya fi, ku daina barin kowace kwamfuta ta zaɓa muku Java. Java ɗin da ke tuƙa Gradle daban, wanda ke harhaɗa manhajar da gwada ta daban, kuma ba dole su zama ɗaya ba. Tun Gradle 6.7 akwai toolchain: ka rubuta languageVersion = JavaLanguageVersion.of(17) sau ɗaya, kowa ya gina da 17 ko da me ya kunna Gradle. Idan kun bi wannan hanya, sharaɗin can na sama bai da sauran amfani, ku cire shi, don JavaVersion.current() mai tuƙa Gradle yake dubawa, ba na toolchain ba. Abokinka zai buƙaci JDK 17, wato kayan gina manhaja na Java 17, a kwamfutarsa. In data ta yi masa tsada, kwafa masa a filashi ranar da kuka haɗu. Gradle na gano wanda aka riga aka girka.

Ka kuma tabbatar Gradle ɗinku ya kai 7.3, shi ne na farko da ke gudu a kan Java 17. Kowannenku ya buga ./gradlew --stop don kashe tsohon injin da ke laɓe a baya, sannan ./gradlew --version, ku tura wa juna hoton abin da ya fito ku gwama.