Me ya sa manyan motoci ke ƙwacewa a gangaren Ngaundere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta Kamaru, ina ɗauko kaya daga Ngaundere. Duk hatsarin da aka yi a gangaren nan da ake kira Falez, sai a ce birki ya tsinke. Laifin hanya ne ko na direbobi? Idan gwamnati ta gyara kwaltar, magana ta ƙare?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gyaran kwalta kaɗai ba zai kashe wannan magana ba. Sau da yawa ma idan hanya ta yi sumul, direba ƙara wuta yake yi.

Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, wajen mita 200. Kaso mai yawa na wannan sauka a Falez ake yin sa, cikin kwana-kwana. Sannan layin dogo tun 1974 a Ngaundere ya tsaya, don haka kayan Garwa, Marwa, Kusiri da na Njamena nan ake juye su cikin tireloli.

Abin da ake kira tsinkewar birki, galibi ba wani abu ne ya karye ba. Direban da ya shiga gangare da babbar giya, ƙafarsa na kan birki tun daga sama, ƙarfen yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Idan kuma ya yi ta taka shi a kai a kai, iskar da birkin ke aiki da ita sai ta ragu a cikin tanki. Mafi muni shi ne masu sakin mota a firi don tsimin mai. Gwanin direba tun kafin ya fara sauka yake komawa ƙaramar giya, ya bar inji ya riƙe motar, birki sai nan da can.

A nan ne ku masu kaya kuke shigowa, kuma ka yi haƙuri da ni. Tsohuwar dokar kare hanyoyi da Kamaru ta kafa a 1996 ta ƙayyade tan 50 ga mota da kayanta. Duk buhun da aka ɗora a kan ƙa'ida, birki ne zai biya a gangare. Sikelin awon motoci yana nan, amma idan tara kawai za a biya mota ta wuce da lodinta, ba a rage komai ba. Haka takardar duba lafiyar mota: wadda aka samu ba tare da an duba birki ba, ta nuna wa jandarma ce kawai.

Gwamnati na da nata: wurin tsayawa na dole a saman gangare don a duba birki, da hanyar tsira mai tsakuwa a gefe inda motar da ta ƙwace za ta nutse ta tsaya, da sauke lodin da ya wuce kima nan take.

Kai kuma, kada ka matsa wa direba da waya a kan sai ya iso kafin asuba. Ka tambayi nauyin abin da aka ɗora tare da naka, ka kuma hana yaranka hawa saman kaya.