Yadda asibiti zai taimaka wa nas ta ƙware a fanni ɗaya

Hajiya, kin tambayi yadda asibitinku na Daura zai taimaka wa nas-nas su samu takardar ƙwarewa. A ganina, hutun karatu da albashi ne kan gaba. Kwas ɗin jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kaduna, ko na ƙashi a asibitin Dala, Kano, yakan ci shekara guda ko fiye, mai iyali kuwa ba za ta jure ba in albashi ya tsaya. Ku biya kuɗin makaranta, ita kuma ta sa hannu za ta dawo. Ku tura su bi da bi, kada aikin dare ya faɗa kan mutum ɗaya. In ta dawo, don Allah a kai ta sashen da ta karanta, ba ɗakin allura ba.