Allurar rage ƙiba daga likitan da ba a gani ido da ido ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 34, nauyina kilo 96, tsawona mita 1.62, kuma ina shan maganin hawan jini. Na ga ana tallar allurar rage ƙiba a Instagram, wai fom kawai za a cike, likita ya duba, a aiko da ita har gida. Ko in saya? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ganin likita ta waya ko ta bidiyo ba aibu ba ne. Abin tantancewa shi ne, likita ne a can ɓangaren ko ɗan kasuwa.

Mu fara da lissafinki. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 96 a raba da 1.62 sau 1.62, ya ba da kusan 36.6. Ƙa'idar rubuta waɗannan magunguna ita ce 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai hawan jini ko ciwon suga. Ke kam kin shiga sahu. Amma lissafi kaɗai ba ya isa.

Likita na gaskiya zai yi magana da ke kai tsaye, ya sa ki hau sikeli yana gani ko ki kawo awo daga asibiti. Zai nemi gwajin suga da na aikin ƙoda. Zai tambaye ki ko an taɓa samun wani nau'in kansar maƙoƙo a danginku, ko kin taɓa kumburin saifar suga, wato gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwar matsarmama. Zai kuma tambayi batun ciki da shayarwa. Mai juna biyu ba ta yin allurar, mai neman haihuwa kuma tana daina semaglutide, wato ɗaya daga cikin waɗannan alluran, wata biyu kafin ta ɗauki ciki. Wanda ya tsallake duk wannan ya tura miki lambar asusu, ki rabu da shi. Ki nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kantin maganin kuma ya zama mai lasisi. A Birtaniya ma, tun 2025 hukumar kula da kantunan magani ta hana a dogara da fom kaɗai.

Semaglutide, da ake sayarwa da sunan Wegovy, sau ɗaya ake yi a mako, ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ko damtse. Ana farawa da miligiram 0.25 har mako huɗu, sai 0.5, sai 1, sai 1.7, sai 2.4, kowane mataki mako huɗu. A nan ne mutane suka fi jawo wa kansu wahala. Maganin yana jinkirta fitar abinci daga ciki, shi ya sa ake daɗewa da ƙoshi. Mai gaggawar da ta tsallake mataki sai amai da gudawa su rufe ta, ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ta jigata, musamman ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ki gaya wa likitan sunan maganin hawan jinin da kike sha. A rage loma, a guji maiƙo, a sha ruwa sosai. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya kuwa, wannan ba na waya ba ne. A dakatar da allurar a tafi asibiti nan take.

Sai batun jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic (wani sunan da ake sayar da semaglutide da shi) ta bogi, sugansu ya faɗi warwas, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ki karɓi ruwan da aka ɗura a sirinji ko kwalbar da ba ta da suna, komai arharsa.

Ko na gaske ne, zafi yana lalata shi. Ajiyarsa a firiji ce, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a sashen ƙanƙara ba. Wanda ya daskare ya tashi aiki. Idan ɗan aike ya kawo shi a leda cikin zafin Afrilu ba tare da akwatin sanyi ba, ki mayar masa. Gidan da wuta ke yawan ɗaukewa ya tanadi mafita tun kafin a saya.

Ki kuma yi lissafin aljihu. A babban gwajin da aka yi, nauyi ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 a mako 68, tare da gyara cima da motsa jiki. Waɗanda suka daina, kusan biyu bisa uku na abin da suka zubar ya dawo cikin shekara guda. Kafin ki biya kuɗin farko, ki tambaye su wa zai riƙa bibiyarki duk wata, da kuma lambar da za ki kira idan amai ya ƙi tsayawa cikin dare.