Hutu a gida ko tafiya da Mama mai gigin tsufa?

'Yar'uwa, kin ce jinyar Mama mai gigin tsufa ta gajiyar da ke, kina tunanin ɗaukar ta ku tafi wajen yayarki a Zariya ki samu ki huta. Ni dai a ganina kada ki ɗaga ta daga gida. Yayar taki ta zo ta karɓe ki na kwana 4 ko 5, ke kuma ki shige ɗaki ki ja ƙofa, ki rama barcin da kika daɗe kina bin bashi. In kina son shan iska, zuwa kitso ko gidan maƙwabta ya isa.

Mai wannan lalura da sabo take rayuwa: inda butarta take, hanyar banɗaki, muryar ladanin unguwa. Mun taɓa kai kakarmu biki wani gari, la'asar na yi ta hau ƙulle zannuwanta wai gida za ta, ranar ba wanda ya runtsa. Bayan mun dawo ma sai da ta yi kusan mako kafin ta daidaita. Dama ruɗewar tasu takan tsananta daga yamma zuwa magariba, baƙon wuri kuma sai ya ƙara hura wutar. Amma fa yayar ta fara yin kwana 2 tare da ke, ta koyi lokacin magani da yadda kike lallaɓa Mama ta yi wanka, in ba haka ba ƙofarki za ta yi ta bugawa.